Mu kurame ne, yaranmu suna ji: tambayoyi da amsoshi kan koya musu maganar hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni kurma ce, a Tudun Wada nake aure nan Zariya. Ba da kurumta aka haife ni ba, sanƙarau ɗin nan na 1996 ne ya tafi da kunnena ina 'yar shekara 10, shi ya sa nake iya rubuta Hausa haka kuma har yanzu ina magana da baki duk da dai bana jin abun da ke fita. Maigidana shi tun yana goye ƙyanda ta kurmantar da shi, bai taɓa magana da baki ba, tela ne. Yaranmu 3 kuma duk suna ji. Tambayoyin nan su ne ake ta maimaita min a gidan suna, a gidan biki, a bidiyo kol, wasu daga kurame 'yan uwana wasu daga dangi masu ji, shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya. Dan Allah wanda ya iya karatu ya mayar wa wanda bai iya ba da hannu.

Ni da matata duk kurame ne, yaron da za mu haifa zai ji kuwa?

Yawanci yana ji. Kusan 9 cikin 10 na yaran da kurame ke haifa masu ji ne, kuma mu nan arewa dalilin a fili yake, yawancinmu ciwo ne ya kurmantar da mu, sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, ciwon kunne da aka bari ya yi ta zubar da ruwa, ko wata allura mai ƙarfi. Irin wannan kurumtar ba a gadonta. Akwai dai ta gado, musamman in akwai kurame da yawa a dangi kuma ana auren zumunci.

Amma ɗan uwa kar ku zauna kuna zato. Mu ba ma saurin gane ko jariri na ji, don haka ku sa wani mai ji ya lura ko yana firgita in an buga ƙofa, ko yana waiwaye in an kira shi ta baya, in da hali ku kai shi a gwada kunnen a sashen kunne na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ko ya ji ko bai ji ba dai hannu za ku fara masa, wannan kam bai canzawa.

Toh tunda yana ji, me zai yi da maganar hannu?

Da ita zai yi magana da ke. Amsar kenan a taƙaice. Hausa kam zai same ta ko kin so ko ba ki so ba, tana tsakar gida, tana bakin famfo, tana wajen mai ƙosai, tana makarantar allo, Zariya gaba ɗaya za ta koya masa Hausa kyauta. Amma hannu in ke da babansa ba ku ba shi ba, babu wanda zai ba shi.

Na ga gidajen da aka bar yara ba a koya musu ba, kuma wallahi abun tausayi ne. Yaron ya iya alamar abinci, kuɗi, zo, tafi, shikenan. Yana cin tuwon uwarsa yana sa rigar da ubansa ya ɗinka amma ranar da aka dake shi a makaranta goggonsa yake faɗa wa, ranar da yarinya ta fara ganin al'ada matar kawunta ta sani kafin uwarta, ranar da saurayi ya fara zuwa zance uwar ita ce ta ƙarshen ji a gidan. Ke kika haifa, ke kika yi jego, amma kin koma kamar baƙuwa ana ba ki labarin ɗanki guntu-guntu. Wannan nake gudar mana.

Surukata ta ce in ina masa da hannu bakinsa zai yi nauyi, wai shi ma bebe zai zama. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, amma kar ki yi faɗa da Hajiya, tsoro ne ya sa ta faɗi haka kuma son jikanta ne ya kawo tsoron. Bebantaka ba mura ba ce balle a ɗauka. Yaron da kunnensa ke ji kuma ake masa magana zai yi magana.

An ma bincika abun. Wata malama mai suna Laura-Ann Petitto a Kanada ta nuna a 1991 cewa jariran da suka tashi cikin maganar hannu suna gwaranci da hannu, yanda masu ji ke ba-ba-ba da ma-ma-ma da baki. A 2001 kuma ita da abokan aikinta suka bi yara masu ji da ke tasowa da Faransanci da yaren hannu na can, suka ga kalmarsu ta farko da fara haɗa kalma biyu duk a kan lokaci suka zo, daidai da yaran da ke tasowa da yaren baki biyu. Ki ce wa Hajiya, yaran Sabon Gari nawa ne suka tashi da Hausa da Yarabanci tare, ko Fulatanci da Hausa, wa ya taɓa cewa bakinsu ya yi nauyi?

Ga ma'aunin da za ki riƙe, wajen wata 6 zuwa 10 gwaranci, wajen shekara 1 kalmar farko, kafin ko wajen shekara 2 ya fara haɗa kalma biyu. In ya cika shekara 2 babu kalma ko ɗaya a baki, kar a ce ai don iyayensa kurame ne a zauna, a kai shi a duba kunne kaman yanda na faɗa a tambayar farko.

Wa zai koya masa maganar baki tunda mu ba ma yi?

In gidan yawa kuke wannan ba matsala ba ce sam, kakanni, facaloli, yaran maƙwabta, sun isa har sun yi yawa. Masu matsala su ne waɗanda suka kama haya su kaɗai, irin sababbin unguwannin nan da kowa ke kulle get ɗinsa. Ku sai kun tashi tsaye, a riƙa kai shi gidan kaka, a bar shi ya yi wasa da yara, a roƙi maƙwabciya ta riƙa ɗaukarsa tana masa surutu. Wasu masu bincike a Amurka sun ga awa 5 zuwa 10 a sati na hira da masu ji kan wadatar da yaro, ka ga ba wani abu ne mai yawa ba.

Abun da ba zai yi ba shi ne talabijin da waya. Akwai wani yaro a Amurka da aka rubuta labarinsa a 1981, iyayensa kurame, ba sa yi masa hannu, suka bar shi da talabijin wai ya koyi Turanci. Ya doshi shekara 4 maganarsa a hargitse, hannun ma babu, sai da aka samu babban mutum yana zama da shi suna hira sannan bakinsa ya daidaita. Yaro da mutum yake koyon yare, wanda zai kalle shi ya amsa masa.

Wai maganar hannu yare ne na gaske, ko dai kwatance ne kawai?

Yare ne cikakke, da nahawunsa da ƙa'idarsa. Tun 1960 wani malami a Amurka, William Stokoe, ya nuna haka a kan yaren hannu na can, namu na ƙasar Hausa kuma wata Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta nazarce shi ta fitar da littafi a 2000. Siffar hannu, inda ka sa shi, yanda ka motsa shi, da fuska, kowanne na canza ma'ana. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, toh mu a wajenmu fuska har tambaya take yi, ɗaga gira kawai ya mai da magana tambaya. A addini ma malaman fiƙihu sun daɗe da cewa isharar bebe da aka fahimta tana tsayawa matsayin furuci a aure da saki da ciniki, kuma Allah Ya ce bambancin harsunanmu na cikin ayoyinSa, Suratur Rum aya ta 22. Ki sa wannan a ranki sosai don yaro yana gane uwar da ke jin kunyar yarenta, zan dawo kan haka a tambayar kunya.

Yaushe zan fara, kuma ta yaya? Jariri ai bai san komai ba.

Tun kafin suna. Masu ji ba sa jira jariri ya yi wayo kafin su ce masa "ɗan Baba, ka ƙoshi?", toh ke ma haka. Lokacin shayarwa ya fi kowanne don fuskarki na dab da tasa, ki masa alamar nono kafin ki ba shi, alamar wanka kafin ki sa shi a ruwa, alamar Baba in ya shigo. Ki yi a hankali, ki faɗaɗa hannun, ki maimaita, wani lokaci ki yi alamar a jikinsa ko ki kai hannunki kusa da abun da yake kallo maimakon ki juyo da kansa da ƙarfi. Yaro mai ji yana iya wasa yana sauraro, bai san cewa mu sai an kalla ba, don haka kallon ma koya masa ake, ki ɗan taɓa kafaɗarsa ki jira ya ɗago sannan ki yi.

Abu biyu ne ke cin mu a nan da ba kowa ke lura ba. Na farko goyo. Uwa mai ji tana daka tana wa na bayanta waƙa yana ji, ke kuwa duk awannin da yake bayanki ba ya ganin hannunki ko kaɗan, ba na ce a daina goyo ba, ina za mu iya, amma in kina tsintar shinkafa ko wanke-wanke ki sauke shi ki zaunar da shi a gabanki. Na biyu duhu. In NEPA sun ɗauke wuta masu ji hirarsu ma daɗi take ƙarawa, mu kuwa an rufe mana baki kenan. Ƙaramar fitilar sola ko mai caji a ɗaki ba kayan ado ba ce a gidan kurma, ni na fi ganin darajarta a kan kujeru.

Ku ba shi sunan hannu tun da wuri, shi ma ya san na kowa a gidan. In ya fara yi kuma ya karkace yatsu kar ki kama hannun kina gyarawa kullum har ya gaji, yatsun ne ba su yi ƙwari ba, ki maimaita masa daidai ki wuce.

Ni da girmana na kurmance, ina iya magana da baki. Ba sai in yi masa da baki kawai ba?

Nan ne ni na yi kuskure, kuma ina faɗa ne don kar wata ta maimaita. Babbar 'yata da baki na tashe ta, ina ganin ai gata nake mata. Ita tana ji na sarai, ni ce bana jin ta. Sai na koma karatun leɓe, kuma duk wanda ya gwada ya san wahalarsa, "baba" da "mama" iri ɗaya suke a leɓe, "kara" da "gara" ba ka ganin bambancinsu don a can ciki ake yin su, ga bakin yaro ƙarami ga sauri ga kuka. Tana 'yar shekara 5 ta dawo daga Islamiyya tana kuka tana faɗa min abu, sau huɗu tana maimaitawa ban gane ba, sai ta share hawayenta ta fita wajen maƙwabciya. Har yau ban san me ya faru da ita ranar ba. Babanta kuwa da bai da baki kwata-kwata, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Daga ranar na canza. Ƙannenta biyu da hannu suka tashi, ita kuma muka faro daga baya. Ba haramun ba ne ki yi amfani da muryarki, in yana nesa ko zai taɓa wuta ki ƙwala masa kira mana, amma hira ta zauna-mu-yi, hannu, don magana hanya biyu ce, ba ke ki faɗa kawai ba, shi ma ya faɗa ki gane.

Wanne za mu koya masa, namu na gida ko na makaranta?

Wanda kuke hira da shi ku biyu in kun rufe ƙofa. Maganar hannu ta Hausa ta daɗe a ƙasar nan tun kafin makarantun kurame, a kasuwa da majalisa kurame suka gada daga kurame, masu ji da yawa ma sun iya kaɗan-kaɗan. Na makaranta kuma tushensa na Amurka ne. Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka wanda shi ma sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara 11, shi ya buɗe makaranta a Ghana a 1957 sannan Ibadan a 1960, daga nan yaren ya bazu ya gauraya da namu na Najeriya, shi ake yi a makarantu irin Tudun Maliki ta Kano da aka buɗe a 1977 da na Kaduna, shi ne kuma kuke gani tafinta na yi a gefen labaran talabijin.

Ni gaskiya bana son yanda wasu 'yan boko cikinmu ke raina na gida suna cewa na ƙauye ne. Maigidana bai yi makaranta mai nisa ba, da na gida yake ciniki da kwastomominsa, da shi yake ba yara labarin kakansu har su yi ta dariya. Yaranmu na gida da na makarantar duka suke gaurayawa kuma ba abun da ya rikice musu. Abu ɗaya da na makaranta ya fi shi ne haruffan yatsu, suna da amfani wajen rubuta sunan mutum ko magani, in yaro ya shiga firamare ku koya masa su, yana ma taimaka masa wajen haddar ABCD.

Da yana yi, amma tunda ya shiga firamare sai ya riƙa amsa min da baki, a waje kuma ya maƙe hannu wai kunya. Ya zan yi?

Wannan kusan kowane gida sai ya zo, daga shekara 6 zuwa 12 haka, lokacin da yaro ya gane gidansu daban yake da na sauran. Kar ki dake shi, in kika haɗa hannu da bulala zai tsani yaren har abada. In ya amsa da baki kar ki yi kaman kin gane alhali ba ki gane ba, mu kurame mun saba gyaɗa kai don a wuce wajen, toh da ɗanki kar ki yi. Ki ce masa da hannu cikin sanyi, ban ji ba, nuna min, ki jira. In yana yin baki da hannu lokaci ɗaya ki ƙyale shi, haka yaran kurame suke a ko'ina.

Sannan ki duba, me kike masa da hannun? In kullum aike ne da faɗa, ɗauko, ajiye, bari, dole ya gudu. Ki masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da hannu ki ga yanda zai baje, ki ba shi labarin ƙuruciyarki, ku yi gulmar abun da kuka gani a hanya. Autana abun da ya dawo da shi shi ne ranar da ya gane yana iya min magana daga wancan tsallaken titi a PZ cikin ƙarar babura, da ta gilashin mota, da cikin taro ba wanda ya san me muka ce, sai abun ya zama sirrinmu. Ki riƙa kai shi inda kurame ke taruwa kuma, ya ga manya masu sana'a da mutunci suna hannu, ya haɗu da yara irinsa masu ji 'ya'yan kurame, wannan ya fi wa'azi dubu.

Maganar waje kuwa, ki duba kanki tukuna. In ke kina sauke hannu a cikin Keke don mutane na kallo, shi ma zai sauke.

Yara na tsokanarsa a unguwa, suna ce masa ɗan bebiya suna kwaikwayon muryata.

Yana da ciwo, kuma abun da ya fi ciwo shi yana jin abun da ake faɗa a kanmu wanda mu ba ma ji, yawanci kuma ba ya faɗa mana don kar ranmu ya ɓaci. Ki tambaye shi da kanki lokaci-lokaci, ki nuna masa kin san ana yi kuma bai karya ki ba. Ki ba shi amsa gajera da zai riƙe, "eh iyayena kurame ne, ni yare biyu gare ni." In abun ya yi yawa babansa ya samu iyayen yaran ko mai unguwa, in a makaranta ne ki je da kanki da babban mutum mai fassara ki ga hedimasta. Wata dabara da ta mana aiki, na tsakiyan ya koya wa abokansa alamomi biyar-shida, kafin sati biyu su ke bin sa ya ƙara musu.

Dangi sun ce a ba su yaron riƙo in an yaye shi don ya koyi magana. Mu bayar?

Riƙo al'adarmu ce kuma ba na zaginta, ɗa na kowa ne. Amma in dalilin kawai shi ne ku kurame ne, ni shawarata kar ku bayar. Shekarun nan daga yaye zuwa 5 su ne yare ke kama yaro, in ya yi su a wani gida zai dawo muku da Hausa zalla ku zauna kuna kallon juna. Abun da dangi ke nema, wato ya ji magana, ana samunsa ba tare da an raba ku ba, duba amsar wa zai koya masa maganar baki. Malam, wannan maganar kai ya kamata ka tsaya a kanta a gaban iyayenka cikin ladabi, kar ka bar matarka ita kaɗai, ka ce ya riƙa wuni wajen Inna ko ya je Juma'a ya dawo Asabar, amma kwana na yau da kullum a ɗakin uwarsa. Ka kuma roƙi Inna ita ma ta koyi alama goma, jika in ya ga kakarsa na yi ya gama yarda abun mai daraja ne.

Tunda ya iya, laifi ne in yana min tafinta a asibiti da kasuwa?

A kasuwa, ko in an yi sallama, ko ya faɗa miki mai ruwa ya zo, wannan taimakon gida ne kaman kowane yaro. Amma akwai wuraren da ba na yaro ba ne, gaban likita, banki, ofishin 'yan sanda, kotu, rikicin aure, maganar bashi, da taron makarantarsa shi kansa. Na taɓa zuwa wani asibiti cikina na ciwo ina zubar jini, ba mai fassara, ma'aikaciyar ta juya ta faɗa wa 'yata mai shekara 11 cewa cikin ya lalace ta faɗa min. Yarinyar ta tsaya hannunta na rawa ta rasa alamar da za ta yi. Wata guda tana firgita cikin barci. Ni ban yafe wa kaina kai ta wajen ba, kuma tun ranar da babba nake tafiya ko in rubuta a takarda ko in kira mai fassara ta bidiyo kol.

Kuma ku sani haƙƙinmu ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga irinmu. Aiki da ita kam da saura, amma in ba mu tambaya ba ba za a taɓa yi ba, ku bi ta Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa reshen jiha a riƙa matsawa tare. Mu dai ba don mu samu tafinta kyauta muke koya wa yaranmu hannu ba, yaron da ya ga duk ranar da ya ɗaga hannu aiki ne za a ɗora masa, shi ne ke girma ya gudu daga gidan.

Tarbiyya da karatun addini fa? Ba na jin abun da suke faɗa, ba na iya biya musu karatu.

Karatun baki na malam ne, allo da Islamiyya sun ɗauke miki wannan, sai dai ki samu wani mai ji a gida da zai riƙa sauraron haddarsu. Amma alwala da sallah da gani ake koyonsu, gani kuma ya kori ji. Ma'ana, waye Allah, me ya sa ba a ƙarya, me ya sa ake gaida maƙwabci, wannan naki ne kuma da hannu za ki yi shi, shi ya sa alamar abinci da kuɗi kaɗai ba za su isa ba.

A gidanmu babban laifi shi ne ka juya wa Umma ko Baba fuska ana maka magana, ko ka rufe ido. Na faɗa musu Alƙur'ani ya hana a ce wa iyaye ko "uf" a Suratul Isra'i, toh ɗan kurma nasa uf ɗin kau da kai ne. Zagi da baƙar magana a bayan idonmu kuma mun roƙi maƙwabta da kawunnansu duk wanda ya ji ya faɗa mana, mu za mu hukunta ba su ba.

Ɗana ya kai shekara 15, bai iya ba sai kame-kame. Lokaci ya ƙure?

Bai ƙure ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne ba zai kai saurin wanda ya sha a nono ba, amma mutane na koyon yaren hannu suna da shekara 30 har su zama tafintoci, balle shi da idonsa ya saba gani tun yana jariri, abun na nan kwance a kansa. Kar ka fara da zargi. Ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya ko a rubuce ne, cewa tsoro aka ba ku shi ya sa ba ku koya masa ba, kuma kana so ka san shi kafin ya bar gida. Ku ware lokaci kaɗan kullum, bayan isha'i misali, ku fara da abun da yake so, in ƙwallo ne ƙwallo. Babbar 'yata da na ba ku labarinta a sama yanzu da hannu take ba ni sirrinta, duk da har gobe ƙannenta sun fi ta sauri.

Ka nuna masa kuma abun na da gaba. Ana neman masu fassara a asibitoci da kotuna da gidajen talabijin da masallatai, ana karanta fannin a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo da Jami'ar Jos, 'ya'yan kurame masu ji har ƙungiya gare su ta duniya mai suna CODA da aka kafa a Amurka a 1983, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 23 ga Satumba ranar yarukan hannu, an fara bikinta a 2018. Amma in ya ce shi injiniya zai zama ka sa masa albarka, ba dole sai ya ci abinci da kurumtarmu ba.

Yaran in sun haɗu da baki suke hirarsu suna dariya, ni ina zaune kamar ba na wajen. In hana su?

Kar ki hana su gaba ɗaya, Hausa ma yarensu ce, in suna wasansu a tsakar gida ko suna ɗakinsu ki bar su su sake. Mu abun da muka yi shi ne muka ware wuri, in an shimfiɗa tabarma an zauna cin abincin dare, ko duk lokacin da ni ko babansu ke cikin zancen, hannu ake yi, wanda ya manta ya yi da baki sai ya maimaita. Baƙo ma in ya zo ya daɗe ana hira, ɗaya daga cikinsu kan ɗan juyo ya ce mana ga abun da ake magana a kai, ba fassarar kalma-kalma ba. Da farko sun yi ta ƙorafi wai tuwo na hannu ya za a yi magana, babansu ya nuna musu yanda ake yi da hannu ɗaya, yanzu autan ne ma ke ɗora fitilar a kan bokiti don kowa ya ga kowa kafin a buɗe kwano.